Testar Alhassan Juya-Biyu

A Sharada in ka ce Alhassan Garba, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Juya-Biyu kuwa, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka inda yake zama. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin lantarki a wata masaƙa da ke nan, kuma a can ya samo sunan. Manyan injinan masaƙa kowanne da moto mai juya shi, kowane moto da waya uku. In aka haɗa sabo ya tashi yana juyawa baya, sai a sauya wa waya biyu wuri, shi ke nan ya miƙe. Kowane mai aikin wuta ya san wannan. Abin da ya bambanta Alhassan da sauran shi ne ba ya jiran a je a sauke babban makunni. Zai gyara tsayuwa a kan silifas ɗinsa na roba, ya zaro testa daga aljihun gaba, kafin foman ya rufe baki daga cewa a kashe layi, shi ya gama ya mayar da abarsa aljihu. Wuta ta ja shi ya fi a ƙirga, bai daddara ba.

Ni sunana Muntari, mai sassaƙa hatimi. Ba na roba irin na ofis ba, na tagulla, wanda ake danna sunan kamfani da shi a jikin fata a Challawa ko a jikin sabulu a Bompai. Wurin mahaifina na koya, da cizal da 'yar guduma. A juye ake sassaƙa shi, don in an danna ya fito a miƙe, kuma na yi shekara talatin ina yi har idona ya fi sabawa da juyayyen rubutu. Da aka rufe masaƙar su Alhassan a 2004, sai ya kawo bencinsa ya ajiye a rumfata da ke jikin katangar kamfanin, yana gyaran fanka da dutsen guga. Kwano ɗaya muke ci, kuma ba a raba mu da musu.

Mutum ne mara ajiye hannu. Ran da babu aiki sai ya ƙirƙiro wa kansa. Wata rana ya je kafe, shagon intanet, neman hoton wani transifoma, ya dawo da takardu kusan ashirin na wani inji da ya gani, wai mutum yake harhaɗawa a ɗakinsa, kwamfuta ta riƙa ba shi umarni yana yanka katako ko ƙarfe. Tun daga ranar ya zama ɗan bola. Duk kamfanin da ya mutu a Bompai, kuma a shekarun nan mutuwa suke kamar kajin da annoba ta shiga, Alhassan na bakin ƙofa ranar da ake fitar da tarkace. Ya ciro ƙananan moto daga matattun injinan fotokwafi, ya samo boris, ya samo rodi mai zare, ya sayo wata kwamfuta da ta girme wa wasu 'ya'yanmu. Na raɗa wa abin suna Jaki, don ci kawai yake ba ya aikin komai.

Dariya nake masa har ranar da na tambaye shi me Jakin zai riƙa yi in ya tashi.

Ya ce, "Sassaƙa. Har tagulla zai ci."

Na ajiye cokali na dube shi. A lokacin hannuna na dama ya fara rawa, kuma ina ɓoyewa. Na ɓata aiki biyu na ɗora wa tagulla laifi, na ɓata na uku na ce hasken rumfar ne. Masu kawo min aiki sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce min komai, sai dai in ga ba su dawo ba. Ga shi kuma aminina, a rumfata, a ƙarƙashin kwanon da na kafa, yana gina abin da zai ƙarasa binne ni. Haka na ɗauka, kuma na ji zafinsa har cikin raina. Ban yi masa faɗa ba, na yi abin da ya fi faɗa muni, na raba kwano. Wata guda cur ina juya masa baya, tsakaninmu sai ina kwana.

Abin da Jakin ya rasa shi ne ƙwaƙwalwa, wani ɗan koren allo da ake ce wa fanel. Shi ke karɓar magana daga kwamfuta ya raba wa kowane moto yawan takun da zai yi. Babu shi a Sabon Gari, babu shi a titin Beirut. Yayan Fanna matar Alhassan, wani mai zuwa Chana saro wayoyi, shi ya taho masa da guda ɗaya tak a farkon 2009, naɗe cikin rigar sanyi. Gurbi huɗu gare shi, Jaki kuma uku yake buƙata: ɗaya na dama da hagu, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Takardar da ta zo da shi rabi Chanisanci ce, rabi wani Turanci da ko Bature sai ya nemi tafinta. Layi ɗaya ne kawai aka rubuta da ja, shi kuma a fili yake: kada a taɓa wayar moto muddin da wuta a jikin fanel.

Ina zaune ina yi kamar ba na kallo ranar da ya fara gwadawa. Ya danna ƙasa a kwamfuta, bakin injin ya yi sama. Wallahi ban ga lokacin da testa ta fito ba. Sai na ji tas, wani siririn hayaƙi ya tashi, rumfar ta ɗauki ƙauri irin na ƙonannen gashi. Alhassan ya tsaya da waya a hannu, baki buɗe. Sabo turken wawa. Gurbi ɗaya ya mutu, saura uku cif, babu na sauyi, surukin nasa kuma ba zai koma Chana ba sai bayan Sallah. Ya lulluɓe Jakin da buhu, ya yi mako biyu bai ɗaga ba. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, daɗi na ji.

Ana haka Idrisu ya zo ranar wata Litinin. Shi ne mai sayen kaya na wani kamfanin fata a Challawa, kuma shi kaɗai ya rage min. Ya zaro curin tagulla kamar tafin hannu daga jaka, da takarda mai sunan kamfanin.

Ya ce, "Baba Muntari, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Manaja ya ce a kai Legas, ni na roƙa a ba ku. Alhamis da azahar za a fara danna wa fatun da za a loda. Tagullar ita ke nan, babu wata. In aka samu matsala ba zan iya sake buɗe baki a kanku ba."

Na ce masa tun ba a haife shi ba nake wannan aiki. Girman kai rawanin tsiya. Yana tafiya na ɗaure tagullar a bais, ƙarfen da ke matse aiki, na zana, na ɗora cizal. Bakin cizal ɗin ya riƙa kaɗawa kamar yana jin sanyi. Na riƙe numfashi na buga, ya zame ya ja layi a gefe. Da ƙyar ya tsaya a inda za a iya gogewa. Na zauna ina kallon hannuna, na san in wannan aikin ya tafi, ni da hatimi mun yi sallama, sai dai in koma zaman ƙofar gida.

Alhassan daga bayana ya ce, "Mai Hatimi, kawo mu gwada wa Jakin nan."

Na juyo na wanke shi tas. Na ce dama abin da yake jira ke nan, ya ga gawata ya gaji rumfa. Ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Ashe Fanna na tsaye da kular abincinsa, ta ji komai. Ita ba ta da tauna magana.

Ta ce, "Malam Muntari, kai kaɗai ne a Sharada ba ka san wa ake gina wa injin nan ba. Shekara biyu ke nan da ya dawo gida ya kasa cin tuwo, ya ce ya ga shayi na zuba daga kofinka. Shi me ya sani a hatimi? Ya ce in ya faɗa maka za ka ƙi, gara ka ɗauka wasansa yake."

Ta dire kular ta tafi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya dawo ban ba shi haƙuri ba, don bakina bai iya ba. Na kwance tagullar daga bais na ɗora a bencinsa, na jawo kular na buɗe mana.

Kwana biyu muka yi a kan haɗin wayoyi, kuma ban taɓa ganin Alhassan yana aiki a hankali haka ba. Kowane ɗan moto waya huɗu gare shi, biyu-biyu suke tafiya, ga shi launinsu duk ya koɗe. Sai ya haɗa bakin biyu ya ce in murza sandar moton da yatsa; in ta yi tauri, 'yan ɗaki ɗaya ne, ya ɗaure su da zare. Ya kwashe wayoyin daga mataccen gurbin ya mayar na huɗun. Ya ce ba zai aminta da NEPA ba, ba kuma zai aminta da janareta ba, don haka ya aro batirin tirela biyu wurin wani direba ya haɗa su suka ba fanel wuta. Ya kafa masa 'yar fankar kwamfuta a ka saboda zafi. Duk lokacin da zai taɓa waya sai ya cire kan batir ya miƙo min, ya ce in riƙe a hannuna ya gani, sannan ya ƙirga goma da ƙarfi kamar ɗan firamare.

Daga nan sai awo. Ya ce wa Jaki ya yi tafiyar milimita goma, na auna na ga bakwai da rabi. Ya sauya lamba a kwamfuta, muka sake, muka sake, har goma ta zama goma. A wannan inji ba bakin yanka ke yawo dama da hagu ba, farantin da ake ɗaure aiki a kai shi ke tafiya a ƙarƙashinsa. Alhassan ya danna dama, faranti ya yi dama, ya ce alhamdulillahi. Muka yanka da'ira a katako ta fito, muka yanka murabba'i ya fito. Ba mu gwada rubutu ba, domin sai yammacin Laraba ya karɓo zanen sunan kamfanin daga shagon kwamfuta a Bompai, kuma bakin yanka ɗaya ne da mu, ba ma so ya dakushe. Ya ce in zo in duba zanen a gilashin kwamfuta. Na ce ni ba na duba aiki a talabijin. Sauran girman kan ke nan, kuma saura kaɗan ya kashe mu.

Alhamis da hantsi muka ɗaure tagulla. Idrisu ya kasa haƙuri, tun ƙarfe tara ɗan acaɓa ya sauke shi, ya tsaya bakin rumfa yana amsa wayar manaja yana cewa an kusa. Aka tayar da janareta don moton da ke juya bakin yanka. Alhassan ya faɗa min tun farko cewa in aka fara babu tsayawa, domin Jaki ba shi da ido, ƙirga taku kawai yake. In ya ɓata ƙirga ba zai san inda ya tsaya ba. Ya yi bisimilla ya danna.

Bakin ya sauka, ya taɓa tagulla, ya fara ci da wani kuka mai shiga haƙori. Ina ɗiga masa mai ina share garin da burushi. Kowane zagaye yana cin kaurin farce, yana rage kewaye yana barin harafi a tsaye. Wajen minti ashirin harafin farko ya fara bayyana daga gefen dama, R ce, cikinta na kallon hagu. Na ji wani sanyi a raina, don ta fito tsaf, yadda zan yi ta da a ce ina da hannuna na da. Sai a sannan na ɗaga kai na dubi gilashin kwamfutar, karo na farko.

A gilashi sunan a miƙe yake, daga hagu zuwa dama, kamar yadda yake a takardar Idrisu. Alhassan ya manta ya sa a juya zanen, ni kuma na ƙi dubawa. Da Jaki ya bi umarni daidai, da tuni tagullar ta zama asara. Abin da ya cece mu shi ne shi ma Jakin a juye aka haɗa shi, tun ranar da faranti ya yi dama muka yi murna. Kuskure biyu ne suka haɗu suka haifi daidai.

Na juyo in faɗa masa, sai na ga ba ya kan kujera. Yana durƙushe gaban fanel. Shi ma ya ga R ɗin, ya dubi gilashi, ya ga abu na tafiya baya. Sanin cewa hatimi a juye yake ya sani sarai, shekara biyar yana zaune kusa da ni. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a masaƙa, in ya ga abu na tafiya baya, hannunsa ke yin tunani. Testa na kan sukurun wayar dama da hagu, kuma na ga ta motsa.

Na watsar da burushi na damƙi wuyan hannunsa.

"Kada ka ja!"

"A juye yake, Muntari! Na kashe ka, a juye yake!"

"Na ce kada ka ja! Hatimi ne, Alhassan. Hatimi!"

Ya tsaya yana kallona, ƙarar janareta ta cika mana kunne. Na ga lokacin da maganar ta isa kansa, na kuma ga lokacin da ya gane abin da hannunsa ya riga ya yi. Ya sassauta sukurun kusan rabin juyi. Wayar na nan a raminta, amma girgizar inji na kaɗa ta, ana ganin jan ƙarfenta yana leƙowa. In ta fita ko na ƙiftawar ido ne, gurbin ya ƙone, Jaki ya tsaya, tagulla ta tafi, babu fanel sai bayan Sallah.

Ya ce a hankali, "Tura wayar ciki. Ta wajen robar. Ni zan ɗaure."

Na ce, "Hannuna rawa yake."

Wannan ne karo na farko da na faɗa da bakina.

Ya ce, "Na sani. Nawa ma yi yake. Tura."

Na saki wuyan hannunsa, na tallafe damana da haguna, na kama wayar da yatsu biyu. Tana rawa ina rawa. Na jingina gwiwar hannu da ƙafar benci na danna ta ciki, ina karanto duk abin da ya zo bakina. Testa ta zame daga kan sukurun sau ɗaya. Ya mayar, ya murza, ya ƙara murzawa. Ya ce in saki. Na ƙi. Sai da ya ɓamɓare yatsuna da kansa. Muka ɗaga kai tare, Jaki na can yana cin harafi na biyu, bai ma san an yi ba.

Idrisu ya leƙo yana toshe kunne ɗaya. "Baba, lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau. Je ka ji da manajanka."

Awa biyu da rabi muka ƙara. Alhassan ya zauna a kan tafukan hannunsa, a zahiri, kamar yaron da aka yi wa horo. Da bakin ya ɗaga ya koma gefe, na kwance tagullar da zafinta, na goge, na sa guntun fata a bais na matse su tare. Na kwance na miƙa wa Idrisu ban duba ba. Ya kai bakin rumfa wajen haske, ya karanta sunan kamfaninsu da ƙarfi, ya shafa da babban yatsa.

Ya ce, "Kai, Baba! Ashe hannun nan naku bai tsufa ba."

Na ce, "Ya tsufa, Idrisu. Ka faɗa wa manaja gaskiya, ba hannuna ba ne. Ga mai shi nan a zaune."

Alhassan ya ce, "Ƙarya yake. Ni da an bar ni da tuni na ƙone shi."

Idrisu ya dube ni ya dube shi, ya ga ba zai gane mana ba, ya naɗe hatiminsa ya tare acaɓa. Bayan mako biyu ya dawo da aiki uku.

Da rumfar ta yi shiru, Alhassan ya cire kan batir, ya ƙirga gomansa, ya ce bari yanzu ya gyara wayoyin yadda ya kamata, a riƙa juya zanen a kwamfuta. Na ce ya kuskura. Jakin da ya tashi yana rubutu irin nawa ba wanda zai miƙar da shi. Muka yi musu har la'asar, na ci. Haka ya ci gaba da aiki a juye, shi yana kula da wuta da lambobi, ni ina duba zane a gilashin da na ce ba zan kalla ba, ina faɗar inda harafi zai cushe in an danna shi a fata.

Da muka tashi rufe rumfa a ranar, sai ya zaro testar nan daga aljihun gaba, mai jan kai, wadda ko masallaci da ita yake shiga. Ya juya ta a hannu, ya soka min ita a aljihuna.

Ya ce, "Duk ranar da Jaki ke aiki, a wurinka za ta wuni. Ko na roƙe ka kada ka ba ni."

Ya roƙa kuwa, ya fi sau goma, har da rantsuwa cewa fanka zai gyara. Ban taɓa ba shi ba sai na ga kan batir a ƙasa.